Ina renon yara a wasan hurling ya kwana a kulob-kulob ɗin Ayalan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune da iyalina a gundumar Louth ta ƙasar Ayalan. Ɗana mai shekara 9 ya taɓa wasan hurling a makaranta, ya kamu da sonsa, ƙanwarsa mai shekara 7 ita ma ta ce sai an saya mata sanda. Sai dai kulob ɗin unguwarmu ƙwallon Gaelic (ƙwallon Ayalan da ake bugawa da hannu da ƙafa) ya sa a gaba, wani maƙwabcina kuma ya ce min hurling a nan ya kusa mutuwa. Da gaske ne? Yaya renon yara yake a kulob-kulob yanzu, kuma yaron nawa bai makara ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya su, ya yi musu albarka. Yaronka bai makara ba, wannan ka kwantar da hankalinka. Maƙwabcin naka kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, amma ya zarce. A matsayina na mai koyar da yara wannan wasa a kulob, abin da nake gani shi ne ƙananan yara 'yan shekara 5 zuwa 11 sun cika filaye, har a wuraren da a da ba a san sanda ba. Inda gizo ke saƙa shi ne daga shekara 13 zuwa 17, kuma girman matsalar ya danganta da gundumar da mutum yake zaune. Kai kuwa kana ɗaya daga cikin gundumomin da abin ya fi tsanani.

Hurling yana ƙarƙashin ƙungiyar GAA mai kula da wasannin gargajiyar Ayalan, wadda aka kafa a garin Thurles ranar 1 ga Nuwamba, 1884. Mutum 15 ne a kowane ɓangare, da sanda mai faffaɗan kai da ƙaramar ƙwallo mai tauri da ake kira sliotar. In ƙwallo ta shiga raga maki uku ne, in ta bi ta saman sandar raga maki ɗaya. Ba a biyan ɗan wasa albashi, ko da shi ne wanda mutum 82,000 suka zo kallo a filin Croke Park na Dublin. Ba a kuma sayar da shi ga wani kulob. A yawancin gundumomi yaro kulob ɗin yankin da yake zaune yake bugawa, kuma galibi iyakar yankin ta bi tsohuwar iyakar cocin unguwa ne. Wannan maganar iyaka ce kawai, ba ta addini ba, ƙofa a buɗe take ga kowa. Amfanin sanin haka shi ne ka gane cewa babu wani kamfani da zai zo ya rena yara. In mutanen unguwa ba su fito ranar Asabar da safe ba, babu wasa.

Matsalar hurling ta asali ita ce bai bazu a ƙasar ba. Zuwa ƙarshen kakar 2025, gundumomi uku kaɗai, Kilkenny da kofi 36, Cork da 30, Tipperary da 29, sun kwashe kofin ƙasa sau 95 a tsakaninsu. Rabon da wata gunduma ta ɗauki kofin a karon farko tun Offaly a 1981. Lardin Ulster na arewa kaf bai taɓa ɗauka ba, Antrim ce ta kai wasan ƙarshe sau biyu, a 1943 da 1989. In ka ja layi daga Galway zuwa Dublin, ƙarfin wasan duk yana kudancin layin. A arewa sai tsiraru: ƙauyukan tsaunin Antrim irin su Loughgiel da Cushendall da Dunloy, da kulob uku na zirin ƙasar Ards a Down, wato Ballycran da Ballygalget da Portaferry, da Tooreen a Mayo. UNESCO ta sa hurling cikin jerin al'adun da ɗan'adam ya gada a 2018, amma wannan bai ƙara ko kulob ɗaya a Leitrim ba. Wasan ya yi kama da dambe a wajenmu: inda aka gaje shi yaro yana tashi ya ga ana yi a ƙofar gida, inda ba a gada ba kuwa sai an kawo shi da gangan, an kuma tsaya a kansa shekara da shekaru.

Ta ɓangaren ƙanana, gaskiya an yi aiki. Kusan kowane kulob yana da ajin 'yan shekara 4 zuwa 7. Daga nan zuwa shekara 12 akwai tsarin da ake kira Go Games: ƙaramin fili, yara kaɗan a kowane ɓangare, kowa sai ya buga, ba kofi, ba jadawalin wanda ya fi. Ƙwallon ma mataki-mataki ce, ana farawa da babba mai laushi, ana rage girmanta ana ƙara taurinta yayin da yaro ke girma. Wasu iyaye suna gunaguni, wai ana hana yara koyon gasa. Ni ina bayan tsarin ɗari bisa ɗari. A wasan mutum 15 da 15, yaro ɗan shekara 9 yana iya yin awa guda a kusurwar fili bai taɓa ƙwallo sau uku ba, alhali a wasan bakwai da bakwai ba ya minti ɗaya bai shiga ciki ba. Ga kuma sansanin hutun bazara na Cúl Camps da aka fara a 2006, wanda yara fiye da 100,000 ke halarta duk shekara, da gasar makarantun firamare ta Cumann na mBunscol, da bikin Féile na nGael da aka fara a 1971. Ta ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi ɗanka ya shigo, kuma haka ake so.

To me ya sa yaran ba sa ɗorewa a wurare irin naku? Na farko, hurling ya fi ƙwallon Gaelic wuyar dasawa. Ka jefa ƙwallon Gaelic tsakanin yara 20, cikin minti biyar wasa ya kankama, kowane uba kuma zai iya tsayawa ya busa usur. Hurling ba haka yake ba. Ka tsaya ka kalli ɗan shekara 7 yana koyon ɗaga ƙwallo daga ƙasa: zai ɗora sanda a kanta, ya jawo ta baya, ya yi ƙoƙarin zura bakin sandar ƙarƙashinta, ta gangara ta tsere. Ya sake, ta sake tserewa. Ranar da ta hau sandar ta faɗa tafin hannunsa, sai ka ga ya juyo yana neman idon mahaifinsa ta cikin ƙarfen hular kwano. Kafin wannan rana ana iya yin makonni. Bayanta kuma ga bugu ta dama da ta hagu, ga cafe ƙwallo a sama alhali sanduna na kaɗawa, ga tare bugun abokin hamayya ta gaba, ga saƙale sandarsa ta baya, ga gudu da ƙwallo a kan sanda tunda ba a yarda a yi fiye da taku huɗu da ita a hannu ba. Duk wannan sai da mai koyarwa wanda hannunsa ya san abin. A Kilkenny kowace unguwa tana da irinsu da yawa. A Cavan ko Longford, sau da yawa mutum ɗaya ne, wani malamin makaranta ko ɗan sanda da aiki ya kawo shi daga Tipperary ko Galway. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, ko 'ya'yansa suka girma, sai sashen hurling na kulob ɗin ya kwanta.

Na biyu, kayan wasa. Tun 1 ga Janairu, 2010, hular kwano mai ƙarfen kare fuska wajibi ce ga kowa, yaro da babba, a wasa da wajen atisaye. Doka ce mai kyau, ta rage raunin ido da na haƙori sosai, amma kuɗi ne. Sanda kuma karyewa take yi, yaro yana girma yana canza ta. Da itacen ash ake sassaƙa ta, kuma a 2012 aka gano cutar da ke busar da wannan itace a Ayalan, ta kuma riga ta yi ɓarna a ƙasashen Turai da ake shigo da katakon daga can. Shi ya sa yanzu za ka ga sandunan gora, irin wanda masu sassaƙa na Torpey a Clare suka fitar a 2020, da na roba mai ƙarfi. Ga ƙaramin yaro duk suna yi.

Na uku, kuma shi ne babba: rashin abokan karawa. Yaro ba don atisaye yake zuwa ba, don wasa yake zuwa. A Cork ɗan shekara 14 yana da wasa kusan kowane mako, da kulob-kulob daidai ƙarfinsa, cikin tafiyar minti 20. A gundumar da ke da kulob uku, yara za su kara da mutanen nan dai sau huɗu ko biyar a shekara, kuma in ɗaya ya fi ƙarfi, kowa ya san sakamako tun kafin a fara. Ga shi kwamitin tsara wasanni na gunduma ƙwallon Gaelic yake fara sa wa rana, abin da ya rage a ba hurling, wani lokaci daren Litinin bayan yaran sun buga ƙwallo ranar Lahadi. A Louth wannan ja ya ƙaru, domin a 2025 gundumar ta ɗauki kofin ƙwallon Gaelic na lardin Leinster, karo na farko tun 1957, kuma kowane yaro yana son ya zama irin waɗanda ya gani a talabijin. Ba na ganin laifin yaran ko kaɗan.

A ƙarshen 2023 har an kawo shawarar a cire gundumomi biyar daga gasar lig ta ƙasa, wato Cavan, Fermanagh, Leitrim, Longford da Louth, saboda kowacce ba ta kai kulob biyar na manya ba, a karkatar da kuɗin zuwa renon yara. 'Yan wasa suka yi ca, aka janye. A ganina janyewar ita ce daidai. Yaron da ba shi da rigar gunduma da zai yi burin sawa, da me za ka riƙe shi a shekara 16? Amma hayaniyar ta yi rana, domin ta tilasta wa shugabanni su dubi abin da suka daɗe suna kau da kai daga gare shi. Jarlath Burns, ɗan Armagh da ya zama shugaban GAA a 2024, ya sa yaɗa hurling cikin manyan manufofinsa, ya kafa kwamiti a kai. A 2025 aka naɗa William Maher na Tipperary shugaban hurling na ƙasa, aka kuma raba wa gomman kulob-kulob masu son fara wasan jakunkunan sanduna da huluna da ƙwallaye. Farawa ce mai kyau. Sai dai jakar kaya ba ta busa usur. Shekara biyar nan gaba za a san ko an dace, in aka ƙirga nawa ne cikinsu suka iya fitar da tawagar 'yan ƙasa da 15.

Abin da na fi ba muhimmanci cikin duk gyare-gyaren nan shi ne gasar Táin Óg, wadda aka fara a 2018 lokacin da Martin Fogarty na Kilkenny ke riƙe da sashen bunƙasa hurling. Dabarar mai sauƙi ce: a manta da iyakar gunduma, a haɗa kulob-kulob na Ulster da Connacht da arewacin Leinster bisa kusanci da ƙarfi, a ware musu ranakun da ba a sa ƙwallon Gaelic. Kulob na Louth ya kara da na Monaghan ko Armagh, na Leitrim ya kara da na Sligo ko Fermanagh. Duk inda gunduma ta mutunta ranakun da aka ware, gasar ta yi aiki. Inda aka ɗora wasan ƙwallo a kansu, sai ka ji kulob ya kira ya ce ba zai iya haɗa yara ba. Daga baya an yi wa manya irinta, mai suna Cúchulainn, don yaron da ya gama matakin 17 ya sami inda zai dosa.

Akwai wuraren da suka nuna cewa abin yana yiwuwa. Limerick ta shekara 45 ba kofin ƙasa, daga 1973 zuwa 2018. A farkon shekarun 2010 suka tsara makarantar renon matasa, suka ci kofin 'yan ƙasa da 21 a 2015 da 2017, sannan waɗannan yara suka ɗauki babban kofi a 2018, suka kuma jera huɗu daga 2020 zuwa 2023. Mutane suna son danganta komai ga kuɗin attajirin nan JP McManus, kuma kuɗin ya taimaka, amma kafin nan makarantar Ardscoil Rís ta ci kofin Harty na makarantun sakandaren lardin Munster a 2010, kulob ɗin Na Piarsaigh na cikin birni kuma ya tashi daga ba-kowa-ba ya zama zakaran ƙasa a 2016. Offaly ta faɗi har mataki na uku a 2019, gundumar da ta ɗauki kofi sau huɗu. Ta koma kan yara, ta kai wasan ƙarshe na 'yan ƙasa da 17 a 2022, ta ci na 'yan ƙasa da 20 a 2024, kuma da yawa daga taurarin tawagar kulob ɗaya ne ya rene su, Kilcormac-Killoughey.

Amma waɗannan biyun dama suna da gado. Misalan da suka fi kusa da halin da kake ciki su ne Naas da Slaughtneil. Kildare gundumar ƙwallon Gaelic ce. Mutanen garin Naas da ke cikinta suka ɗauki shekaru suna kai yaransu wasa har Kilkenny don su kara da waɗanda suka fi su, suna shan kaye suna komawa. A 2022 kulob ɗin ya ci kofin ƙasa na matsakaicin mataki, a 2025 kuma Kildare ta ɗauki kofin Joe McDonagh na gundumomin mataki na biyu, ta sami gurbi cikin manya. Slaughtneil ƙaramin yanki ne a Derry, wanda ya ƙi yarda cewa dole a zaɓi wasa ɗaya. A 2016 suka ci kofin Ulster a hurling da ƙwallon Gaelic da camogie (hurling na mata) duk a kaka guda, matansu kuma suka ɗauki kofin ƙasa sau uku a jere daga 2017. Duk mai cewa wasannin biyu ba sa zama a gida ɗaya, ya je can ya gani.

Wani abu da ke sauya fuskar renon yara shi ne ƙaurar jama'a. Ƙauyukan yamma da kudu suna raguwa, makarantun firamare suna ƙanƙancewa, har kulob biyu ko uku da kakanninsu ba sa ga maciji suna haɗa yara don su fitar da mutum 15. A Dublin da garuruwan da ke kewaye da ita kuwa akasin haka ne: yara sun yi yawa, fili ya yi kaɗan. Dublin ta daɗe da zuba jami'an koyarwa masu albashi waɗanda ke zagaya makarantu suna jawo yara zuwa kulob, kuma an ga amfanin hakan, domin Cuala ta zama zakarar kulob-kulob ta ƙasa a 2017 da 2018, Na Fianna kuma a 2025. Sai dai a kulob mai yara 80 a shekara guda, na tawaga ta uku da ta huɗu sukan ɓace ba wanda ya lura.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna. Daga shekara 14 gundumomi suke fara tsince yara zuwa tawagogin reno. Wanda aka zaɓa yana samun ƙwararrun masu koyarwa da ƙarin wasanni, wanda aka bari sai ya ɗauka an yanke masa hukunci. Alhali a wannan shekara sau da yawa girman jiki ake zaɓa, yaron da aka haifa a Janairu ya kusa girmar na Disamba da shekara guda. Ƙari a kan haka, a 2018 an sauko da matakin matasa na gunduma daga 18 zuwa 17, abin da ya bar giɓi tsakanin ƙarshen wasan yara da shiga cikin manya, daidai lokacin da jarrabawar gama sakandare da aikin ƙarshen mako suke janye su. Kulob ɗin kirki ana gane shi ne da yawan 'yan shekara 19 da har yanzu ke riƙe da sanda, ba da kofunan 'yan 13 da ke cikin kabad ba.

Dangane da makara, Seán Óg Ó hAilpín an haife shi a tsibirin Rotuma na Fiji, ya zo Cork yana ɗan shekara 11, kuma shi ya ɗaga kofin ƙasa a matsayin kyaftin a 2005. Zak Moradi, Bakurde da aka haifa a Iraƙi, shi ma yana kimanin shekara 11 ya sauka a Leitrim, ya kuma ci kofin Lory Meagher na gundumomin ƙaramin mataki da gundumar a 2019. Ɗan shekara 9 yana da isasshen lokaci, da sharaɗi ɗaya: bango. Atisaye sau ɗaya ko biyu a mako ba ya isar kowa a wannan wasa. Ka nemo masa bangon da babu taga, ya riƙa buga ƙwallo tana dawowa yana cafewa, minti 15 kullum, dama da hagu daidai wa daida. In sliotar za ta dami maƙwabta, ƙwallon tanis ta wadatar. Ka lura da riƙonsa tun yanzu: hannun da yake rubutu da shi ne ke riƙe ƙarshen sanda ta sama, ɗayan kuma shi ke cafe ƙwallo. In ya saba da akasin haka, gyaran yana da wuya daga baya. Kada kuma ka saya masa doguwar sanda wai don ya girma da ita. Ya tsaya ya saki hannuwansa, kan sandar yana ƙasa, ƙarshenta ya tsaya daidai wuyan hannunsa. Hula kuwa sabuwa mai inganci, kada a cire ko a lanƙwasa ko ƙarfe ɗaya na fuskarta. Kafin ka saya, tambayi kulob, da yawa suna ba sababbin yara aro ko su sayar da rahusa.

Ita ƙanwar tasa camogie za ta buga, wato hurling na mata, wanda ke da ƙungiyarsa tun 1904. A shekarunta galibi tare suke atisaye da maza. Tun Mayun 2025 an ba 'yan wasa zaɓin sa gajeren wando maimakon siket ɗin da aka wajabta a da. In kana son ta ƙara dogon wando a ciki, ka yi wa mai koyarwa magana tun ranar farko.

In ka je kulob, ka tambaye su wasa nawa 'yan ƙasa da 13 da 15 suka buga a hurling bara, ko suna shiga Táin Óg, da kuma inda yaro ke zuwa in ya wuce 17. In suka yi shiru, to sashen bai wuce na ƙanana ba. A irin wannan hali ana ba yaro izini ya ci gaba da ƙwallon Gaelic a kulob ɗin unguwarsa, ya buga hurling a wani. A Louth akwai Naomh Moninne a Dundalk, da Knockbridge, da St Fechin's a Termonfeckin. Sakataren kulob ɗinku zai nuna maka yadda ake neman izinin daga hukumar gunduma.

Kai ma kada ka tsaya a mota, Malam. Ba sai ka taɓa riƙe sanda ba kafin ka taimaka da 'yan shekara 7. GAA tana da kwas na masu fara koyarwa, da kwas na kare yara, sannan 'yan sanda za su tantance ka kamar yadda doka ta tanada ga duk mai aiki da yara. Jami'in kula da yara na kulob shi zai ba ka takardun, kuma tantancewar takan ɗauki ɗan lokaci, don haka gara ka cike su kafin a buɗe sabuwar kaka a farkon shekara.